Laccar da aka gabatar wa 'yan kasuwa masu aika kaya waje: sassaucin doka a kan kaya masu haɗari

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To madalla. Abubuwa huɗu zan taɓa, in lokaci ya ba mu.

Na farko, mene ne kaya masu haɗari? Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa su gida tara, daga masu fashewa, da gas, da ruwa masu kama wuta, har zuwa rukuni na tara inda batirin lithium yake. Kowane kaya da lambarsa. Fetur UN1203 ne, turare mai sinadarin giya UN1266. Hajiya, na ga kin ɗago kai, eh, turaren fesawar nan da kike sarowa daga Dubai, a takarda rukuninsa ɗaya da fetur, na uku. (dariya) Jirgin sama yana bin dokar ICAO, wato hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, da littafin IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama, jirgin ruwa yana bin kundin IMDG, wato dokar ɗaukar kaya masu haɗari ta teku. Mu wuce.

Na biyu shi ne sassauci, kuma nan nake so ku ba ni aron hankalinku. Doka ta san ba za a sa mai kwalaben turare goma ya bi ƙa'idar tankar mai ba. Sai ta ce in kayan suna cikin ƙananan mazubi, an shirya su a kwali mai ƙarfi, nauyin kwalin bai wuce kilo 30 ba, to an rage maka wasu sharuɗɗa. Amma dole ka manna alamar nan mai kusurwa huɗu, sama baƙi ƙasa baƙi. An rage maka wahala ne, turaren bai daina kama wuta ba. Matsalarmu ita ce da zarar mutum ya ji kalmar sassauci, sai ya ɗauka an ba shi izinin yin shiru. Ya cusa kwalabe tsakanin atamfofi, ya rubuta "tufafi" a takarda, ejan ya karɓa, kowa ya tafi gida.

Bari in ba ku labarin abin da rubutu ɗaya ya jawo. Ranar 11 ga Mayu 1996, jirgin kamfanin ValuJet ya tashi daga Miami a Amurka zai je Atlanta. A ɗakin kaya akwai kwalaye ɗauke da na'urorin samar da iskar oksijin da wa'adinsu ya ƙare. Masu gyara ne suka cire su daga wasu jiragen, ba su sa musu murfin kariya ba, aka rubuta cewa babu komai a cikinsu. Alhali da sinadarinsu. Irin na'urar nan in ta tashi aiki zafi take yi sosai, kuma iskar da wuta take so ita take fitarwa. Ga tayoyin jirgi an lodo tare da su. Minti kaɗan bayan tashi hayaƙi ya cika jirgin, ya faɗa fadamar Everglades. Mutum 110, babu wanda ya tsira. Wanda ya rubuta takardar nan bai yi niyyar kashe kowa ba, 'yan uwa. Bai yi niyya ba. Ya ga kaya tsofaffi, ya ce ai fanko ne. Matuƙin jirgi kuma abin da ke takarda kaɗai ya sani. Ina maimaitawa saboda wannan ne zuciyar maganar: mai loda kaya, da matuƙi, da ɗan kwana-kwana, duk da rubutunka suke aiki. In ka yi musu ƙarya, ka ɗaure musu hannu.

Na... na nawa muke? To, batir. Masu kayan waya daga Guwanzu ta ƙasar Sin, naku ne. A 2010 jirgin kaya na kamfanin UPS ya kama wuta ya faɗi a Dubai, matuƙansa biyu suka rasu, kuma batiran lithium ne a cikinsa da yawa. Tun Afrilu 2016 an hana loda batirin lithium-ion zalla, wato wanda ba a haɗa shi da na'ura ba, UN3480, a matsayin kago a jirgin fasinja, a jirgin kaya kuma cajinsa kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari. Fawa bank batir ne zalla a idon doka. Matafiyi zai iya riƙe wanda bai wuce Wh 100 ba (Wh shi ne ma'aunin ƙarfin da batiri ke ɗauka) a jakar hannu, ba a akwatin da ake aunawa ba. Mai 20,000 mAh kusan Wh 74 ne, ya shiga.

Na'am, Alhaji? A ba shi lasifika.

*Mai tambaya: Malam, mu gawayi muke lodawa a kwantena. Shi ma yana ciki?*

Allah ya saka da alheri, Alhaji, gara da ka tambaya. Yana ciki, UN1361, rukunin kayan da ke ɗaukar zafi da kansu. Da can akwai sassauci, in an gwada samfuri ya wuce, sai a aika shi kamar kowane kaya. Gobara ta yi ta tashi a jiragen ruwa, sai aka janye sassaucin a sabon gyaran IMDG, wanda ya zama wajibi daga Janairu 2026. Yanzu sai ka bayyana shi, sai ya sha iska aƙalla kwana 14 bayan an kwashe shi daga rami, kuma ranar zuba shi a buhu zafinsa kada ya haura digiri 40. Takardar gwajin da kake da ita ta da, Alhaji, ba za ta fitar da kai ba. Ka tsaya bayan sallah mu duba abin da ejan ɗinka yake rubutawa.