Kinder Scout Na Jiranku: Lacca Ga Ɗalibanmu Na Manchester

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƙannena da 'ya'yana, sannunku da zuwa, sannunku da fama da hunturu.

Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris aka matsar da agogo gaba da awa ɗaya. A Disamba, kafin ƙarfe 4 an kira magariba. Yanzu sai wajen ƙarfe 8 rana ke faɗuwa. To, me kuke yi da wannan hasken? Na sani: daga ɗaki zuwa laburare, daga laburare zuwa ɗaki, sai waya a hannu. Shi ya sa yau ban zo da maganar karatu ba, na zo in ce ku fita ku taka ƙasa, ku hau tsaunukan da ke kusa da mu, irin su Kinder Scout.

Maganar lafiya ba zan ja ta ba. Hukumar NHS, mai kula da lafiya a nan Birtaniya, ta ce daga Oktoba zuwa Maris ranar ƙasar nan ba ta isa ta sa fata ta samar da bitamin D, kuma mu masu baƙar fata abin ya fi shafarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Fita ɗaya mai kyau ranar Asabar ta kusa biyan wannan bashin.

Amma ni daɗin abin nake so ku ɗanɗana. Ka hau jirgin ƙasa a tashar Piccadilly ta nan Manchester, ba ka cika awa ɗaya ba ka sauka a ƙauyen Edale. Daga nan doguwar hanyar ƙafa mai suna Pennine Way ta fara, kilomita fiye da 400 har cikin Sikotilan. Ku dai kada ku ce za ku ƙure ta. A watan Afrilu ko'ina 'ya'yan tumaki ne, suna tsalle-tsalle bayan iyayensu. Ciyawa kore shar, ruwa na gangarowa daga duwatsu, iska mai sanyi na dukan fuska. Zuwa farkon Mayu, in ka shiga kurmi, sai ka tarar shuɗin fure ya rufe ƙasa. Kan da ya cushe da rubutun digiri, wallahi sai ka ji ya sake.

Wata ƙanwarmu ta tambaye ni ɗazu: "Baba, ba za a ce mun shiga gonar mutane ba?" Tambaya ce mai kyau. Kun san burtali a gida, hanyar da aka ware tsakanin gonaki, mai gona bai isa ya toshe ta ba. Haka hanyoyin ƙafa suke a nan. In ka ga alamar kibiya ruwan ɗorawa, doka ta ba ka ikon bi.

Su kuwa tsaunukan, ba a banza aka same su ba. Da, Kinder Scout, mai tsawon mita 636, na masu kuɗi ne, suna harbin tsuntsaye a kai don nishaɗi, talaka bai isa ya hau ba. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan matasa ma'aikata, yawancinsu daga garin nan, suka hau da gangan, wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Benny Rothman na gaba. Aka yi dambe da masu gadi, aka ɗaure mutum 5. A 1949 aka yi dokar gandayen ƙasa, wato yankunan da ake karewa don jama'a su ji daɗinsu, a 1951 yankin Peak District, inda Kinder Scout yake, ya zama na farko, sannan a 2000 doka ta buɗe irin waɗannan tsaunuka ga kowa. Kowa fa aka ce, har da mai hijabi, har da ɗan Zazzau da ya sauka bara. Akwai ma ƙungiyar Muslim Hikers, ta Musulmi masu yawon hawan tsauni, da wani mai suna Haroon Mota ya kafa a 2020, ga wanda ke jin nauyin fita shi kaɗai.

Sai shiri. Takalmi mai kama ƙasa, domin taɓo ba ya ƙarewa a can. Rigar ruwa, ko da gari ya waye tas. Ruwan sha da na alwala, da 'yar darduma mara nauyi. Ƙofar gona, yadda ka same ta haka za ka bar ta. Kada ku ɗauki ɗan tunkiya don hoto, uwarsa na kusa. Masu farawa su fara da tsaunin Mam Tor, shi ma kusa da Edale, ya fi sauƙi. Kinder sai ƙafa ta saba.

Na ga ana nuna mini agogo. A tashi a yi la'asar, in mun dawo sai tambayoyi.