Amsoshin Tambayoyinku: Wa ya agaji masu agaji a shekarar korona?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Tun da muka taɓo batun ƙungiyoyin agaji a makon jiya saƙonni suke ta shigowa, kuma yawancinsu kan shekarar korona suka tsaya. Na tsamo biyar, in lokaci ya bar mu.

Ta farko daga Funtuwa take. Mai tambayar ya ce shi ne ma'ajin wata 'yar ƙungiyar tallafa wa marayu a unguwarsu. Ya ce: "Na ji an ce a 2020 gwamnatin Birtaniya ta ba ƙungiyoyin agajin ƙasarta kuɗi don kada su durƙushe. Abin ya ɗaure min kai. Ba su ne masu bayarwa ba? Yaya mai bayarwa zai koma mai karɓa, a ƙasar da kuɗi yake?"

To Malam ma'aji, an yi haka. Ranar 8 ga Afrilun 2020 ministan kuɗi na lokacin, Rishi Sunak, ya sanar da ware fam miliyan 750 don ƙungiyoyin agaji. Kafin ka ce kuɗin sun yi yawa, bari mu leƙa inda ƙungiyoyin can suke samun na shiga.

A Ingila da Wales kaɗai akwai ƙungiyoyi masu rajista kusan 170,000, akasarinsu ƙanana irin taku. Da yawa daga cikin manyan kuma da gwanjo suke rayuwa. E, gwanjo. Duk garin da ka shiga, a babban titin kasuwa za ka tarar da shagon wata ƙungiya. Mutum ya kwaso rigunan da ya daina sawa, da littattafai, da kofunan shayi, ya ajiye musu kyauta. Wata dattijuwa 'yar sa-kai ta goge, ta rataye, ta manna farashi. Abin da aka sayar ya tafi asusun ƙungiya. Irin waɗannan shaguna sun haura 10,000. Ranar 23 ga Maris Firaminista Boris Johnson ya kafa dokar kulle, aka garƙame su gaba ɗaya, kuɗin haya kuwa bai san da wata korona ba.

Ga kuma gudun yada-ƙanin-wani na birnin Landan, wanda mutane ke shiga don 'yan'uwa da abokai su yi musu alkawarin sadaka in sun kai ƙarshe. A 2019 ya tara wa ƙungiyoyi sama da fam miliyan 66 a yini guda. Na 2020 an shirya shi ranar 26 ga Afrilu, aka ɗaga. Ƙungiyoyin Musulmin can su ma ta shafe su, don azumin shekarar ya kama ne a ƙarshen Afrilu masallatai suna rufe, babu akwatin Juma'a, babu tarin da aka saba yi bayan asham. Ana cikin haka masu neman taimako suka ninka: wanda ya rasa aiki, tsohon da ba ya iya fita sayen abinci, matar da aka kulle a gida ɗaya da mijin da ke dukanta.

Majalisar ƙungiyoyin sa-kai ta Ingila, NCVO, ta ƙiyasta cewa za a yi asarar kusan fam biliyan 4 cikin mako 12. Kai ma'aji ne, ɗora miliyan 750 kusa da biliyan 4 ka gani: bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Daga cikin miliyan 750 ɗin, an raba fam miliyan 360 ta hannun ma'aikatun gwamnati, daga ciki har da miliyan 200 na gidajen da ke kula da masu jinyar ajali, sai miliyan 370 na ƙanana da matsakaitan ƙungiyoyi. Babban asusun ƙananan a Ingila bai fara karɓar takardun nema ba sai 22 ga Mayu, mako shida bayan sanarwa. Ga ƙungiyar da ajiyarta ba ta wuce ta wata ɗaya ba, mako shida ai shekara ce.

Akwai wani tarko ma da ba a cika faɗa ba. Gwamnati ta ɗauki nauyin kashi 80 cikin 100 na albashin duk ma'aikacin da aka tura hutun dole, har zuwa fam 2,500 a wata. Ga mai gidan abinci da ya rufe, wannan rahama ce. Ga ƙungiyar agaji kuwa, sharaɗin shi ne wanda aka tura hutu ba zai taɓa aikin ƙungiyar ba, ko da sa-kai ne. Ko dai ka tsira da albashi ka bar mabukata a ƙofa, ko ka riƙe ma'aikata asusu ya ƙafe. Gaba kura, baya sayaki.

Jama'ar gari sun bayar, ba laifi. Kun tuna tsohon sojan nan Kyaftin Tom Moore, mai shekara 99, da ya riƙa zagaya lambun gidansa da keken dogarawa yana neman tara fam 1,000, ya ƙare da kusan miliyan 33? To kuɗin nan ƙungiyoyin da ke tallafa wa asibitocin gwamnati suka tafi. Idon duniya na kan asibiti a lokacin, mai raba abinci a lungu sai ya yi da gaske ake ganinsa.

Ta biyu gajeruwa ce, daga Damagaram: "An ce ta hannun hukumar caca aka raba kuɗin. Ashe kuɗin caca ne?"

A'a Malam. Akwai asusun da ake kira National Lottery Community Fund, wanda aikinsa na kullum raba wani kaso na kuɗin cacar ƙasa ne ga ayyukan al'umma, kuma ƙungiyoyin Musulmi da dama ba sa neman kuɗinsa saboda haka. Amma na gaggawar nan daga baitulmali ya fito. Gwamnati ta ari hannun asusun ne saboda yana da ma'aikata da tsarin tantance dubban masu nema.

Sai ta uku, wadda ita ce ta fi tsaya min a rai. Wata Hajiya ce daga Sabon Zango a birnin Accra. Ta ce: "A farkon 2020 wata gidauniya ta ba ƙungiyarmu kuɗin koya wa mata 60 ɗinki. Aka hana taro. Matan nan suna kira na suna cewa babu abinci a gida. Na roƙi a bar mu mu sayi gari da sabulu da wani ɓangare na kuɗin, aka ce ba a rubuta haka a yarjejeniya ba, mu ajiye ko mu mayar. Shin haka aka yi wa kowa?"

Hajiya, Allah ya ba da lada, ba haka aka yi wa kowa ba. Ki yi haƙuri in ce kin haɗu da mai taurin kai.

Tallafi iri biyu ne. Akwai mai igiya: an ba ki kuɗi don keken ɗinki 20, ko kobo ba za ki karkatar zuwa wani abu ba, kuma duk wata uku ki kawo rahoto da rasit. Akwai kuma wanda ake ba ƙungiya a ce ta yi aikinta yadda ta ga ya dace, har haya da albashi da kuɗin wuta. Kafin korona, mai igiyar ne ya fi yawa ko'ina.

A tsakiyar Maris na 2020, tun kafin a kulle Birtaniya, haɗakar masu ba da tallafi ta Landan ta fitar da wata 'yar takarda, gidauniyoyi sama da 300 suka sa hannu. Ba ta da tsawo. Sun ce wa ƙungiyoyin da suke tallafawa: in aikin da muka yi yarjejeniya a kai ba zai yiwu ba, ku sauya shi, in rahoto zai makara, mu yi magana, in kuna bukatar karkatar da kuɗin zuwa albashin wanda ya kwanta ciwo ko sayen kwamfutar aiki daga gida, ku karkatar. Da Hausar gida, sun sakar musu mara. Bayan haka gidauniyoyi sama da 60 suka haɗa kai a Landan suka yi fom guda. Ki cike sau ɗaya, su duka su gani, wanda aikinki ya dace da shi ya ɗauka. Duk wanda ya taɓa kwana uku yana cike fom ɗin gidauniya ɗaya ya san darajar wannan.

A Amurka ma an yi makamancin haka, gidauniyoyi sama da 700 suka yi alkawarin kwance igiyar tallafin da suka riga suka bayar. Gidauniyar Ford ta yi abin da ba a saba gani ba: a watan Yunin 2020 ta ciyo bashin dala biliyan 1 daga masu zuba jari don ta ƙara abin da take bayarwa. Ita kuma attajirar nan ta Amurka MacKenzie Scott, a watan Disamba kaɗai ta sanar da raba sama da dala biliyan 4 ga ƙungiyoyi 384, babu igiya, ba ma su suka nema ba.

Ni a ganina, wannan sassauci ya ceci ƙungiyoyi fiye da yadda sabon kuɗi ya cece su, don kuɗin da ke cikin asusunki yau ya fi wanda za ki cike fom ki jira wata biyu. Kuma ya tona wani asiri. Shekara da shekaru ana ce wa ƙungiyoyi sharuɗɗan nan dole ne, in babu su kuɗi zai salwanta. Cikin mako biyu aka jingine su, sama ba ta faɗo ba. Da annoba ta lafa wasu gidauniyoyin sun riƙe sabon halin, wasu sun koma gidan jiya. Don haka Hajiya, nan gaba kafin ki sa hannu a kowace yarjejeniya, ki tambaya a rubuta miki abin da za a yi in wani abu ya hana aikin tafiya, da sunan wanda ke da ikon amincewa da sauyi.

Ta huɗu daga Jos: "Mu a Najeriya ina namu ya shiga? Mun ji biliyoyin CACOVID, amma ƙungiyarmu ko kwalin taliya ba ta gani ba."

Ɗan'uwa, CACOVID ba don ƙungiyoyi aka kafa ta ba, nan ne bambancin. Haɗakar 'yan kasuwa ce da Babban Bankin Najeriya, aka kafa ta a ƙarshen Maris na 2020, su Alhaji Aliko Dangote da marigayi Herbert Wigwe na gaba-gaba, Alhaji Abdussamad Rabi'u na cikin waɗanda suka ba da naira biliyan 1. An tara sama da naira biliyan 30. Kuɗin sun tafi cibiyoyin killace masu cutar, da kayan gwaji, da abinci, shi kuma abincin ta hannun gwamnatocin jihohi aka bi da shi. Sauran labarin kai ka fi ni sani, tunda a Bukuru aka yi ɗaya daga ciki: a watan Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbuna a jihohi da dama suka tarar da buhuna jibge. Gwamnoni sun ce ba ɓoyewa aka yi ba, wasu kayan jiran rabo suke, wasu an tanade su ne don zagaye na biyu na cutar. Ko ma mene ne, ƙungiyar unguwa da ta san gidan kowace bazawara da kowane maraya tana gefe, buhu yana sito.

Ƙungiyoyin da ke dogaro da tallafin waje kuma sai ga wata ta biyo baya. A watan Nuwamba na shekarar, Rishi Sunak ɗin da ya ware wa ƙungiyoyin gida miliyan 750 ya rage tallafin da Birtaniya ke ba ƙasashen waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, wato daga kobo 70 zuwa kobo 50 a kowace naira 100. A baki kamar ba komai, a aljihu kusan fam biliyan 4 ne a shekara, kuma ayyukan lafiya da ilimi a Afirka sun ji a jikinsu.

Ta ƙarshe daga Marwa a Kamaru, wani matashi ya turo hoton saƙon WhatsApp da ke cewa akwai ragowar tallafin korona na ƙungiyoyi, a biya jaka 10 na rajista a cike fom. Yana tambaya ko ya biya.

Kada ka biya, ƙanena. Gidauniyar gaskiya ba ta karɓar kuɗin fom, ba ta neman lambar sirrin katin bankinka, kuma asusun gaggawa na korona an rufe su tuntuni. Goge saƙon, ka gaya wa wanda ya turo maka shi ma ya goge.

Mai kula da na'ura yana ta nuna min agogo. Akwai tambayar wata Malama daga Gaya kan yadda ake yi wa ƙungiya rajista da buɗe mata asusun banki da sunanta, da ita za mu buɗe filin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.