Na goge manhajar, su kuma sun goge ni?

Kun ga mutumin da ya danna manhaja ya cire ta? Daga wayarsa kawai ya cire ta. Sunansa, lambarsa, adireshinsa da duk abin da ya taɓa saya suna nan daram a rumbun kamfanin.

Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta ba mutum haƙƙin ganin bayanansa, gyara su, da neman a share su. Na ukun nan ne ke rikita jama'a.

Sai ka nema tukuna. Ka rubuta wa kamfanin, ka riƙe kwanan watan. Yana da wata ɗaya ya amsa. Idan aikin na da sarƙaƙiya zai iya ƙara wata biyu, amma dole ya faɗa maka dalili tun cikin watan farko. Idan ya nemi shaidar cewa kai ne, kada ka ji haushi. Da haka ake hana wani ya share asusunka da sunanka.

To, a nan ku kasa kunne. Sashe na 17 na dokar, wanda ya tanadi haƙƙin sharewa, bai ce a share komai da komai ba. Rasit ɗin da dokar haraji ta wajabta a ajiye zai zauna. Bayanan da ake buƙata don wata shari'a ma haka. Idan ka ce a daina turo maka talla, za a riƙe imel ɗinka a jerin waɗanda ba a tura wa, domin in aka share shi ƙaf, gobe sabon jeri zai sake dawo da kai.

Masu kamfani kuwa, ga inda ƙafa ke zamewa. A share a babban rumbu, a manta da kwafin ajiya, da fayil ɗin da ma'aikaci ya sauke a kwamfutarsa, da kamfanin aika saƙo da aka miƙa wa sunayen. Sashe na 19 ya ce a sanar da duk wanda aka ba bayanan. Kuma ranar da aka dawo da tsohon kwafi bayan na'ura ta lalace, a sake share sunayen nan, in ba haka ba an koma gidan jiya. A ganina, wanda bai rubuta inda kowane bayani yake ba tun kafin buƙata ta zo, wata ɗaya ba zai ishe shi ba.

Tarar keta wannan haƙƙi tana iya kai wa Yuro miliyan 20, ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfanin na shekara a duniya, duk wanda ya fi yawa. Kai kuma, idan wata ya cika shiru, kai ƙara gaban hukumar kare bayanai da kwafin wasiƙarka a hannu.