Sharhi: Wane Littafin Yara Ne Ya Cancanci Kyauta?

Masu sauraro, barkanmu da war haka.

A shekarar 2015, alƙalan gasar adabi da kamfanin iskar gas na NLNG ke ɗaukar nauyi sun duba littattafan yara da aka shigar, suka ce babu wanda ya kai. Dala 100,000 aka ajiye, aka tashi ba wanda ya ɗauka. To me ake nema ne a littafin yara da har yake wuyar samu?

Ni dai a ganina, babban ciwon marubutanmu shi ne wa'azi. Mutum zai ɗauko yaro ya sa masa suna, amma kana jin bakin yaron ka san dattijo ne ke magana. Shafi uku ba a yi ba an fara nasiha kan biyayya da tsafta. Tarbiyya abu ne mai kyau, wa zai musa? Amma ku tuna kakanninmu a tsakar gida bayan sallar isha'i. Da tsohuwa ta ce "ga ta nan, ga ta nanku," Gizo take kawowa, maƙaryaci, mai haɗama, kuma yara suna sonsa. Darasin yana cikin abin da ya same shi, ba sai an tsaya an yi bayani ba.

Littafin da ya cancanci kyauta, yaron da ke cikinsa ne ke ɗauke da labarin. A ce yaro ya yi shekara yana kiwon rago, yana yanko masa ciyawa, yana ba shi dusa da hannunsa, sai ga ranar Alhamis Baba ya ce a kai shi kasuwar Maigatari saboda hatsi ya ƙare a rumbu. Yaron zai yi kuka ne a gaban dillalai, ko zai haɗiye? Zai kwance igiyar da dare? Marubucin kirki ba zai aiko da wani attajiri ya fanshi ragon ba. Zai bar yaron ya yanke shawara, ya kuma ɗanɗani abin da ta haifar.

Sai harshe. Hausa mai sauƙi daban, Hausa marar gishiri daban. Tun gasar rubuta ƙagaggun labarai na Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta fito da irin su Abubakar Imam da Muhammadu Gwarzo, rubutun da ya daɗe a hannun ɗalibai shi ne wanda ke da daɗi a kunne.

Da za a ba ni alƙalanci, ba a otal zan zauna ba. Zan kai littafin wata firamare a ƙauyen Ringim ko Gwarzo, malamin aji biyar ya karanta a gindin darbejiya. In an kaɗa ƙararrawar tashi, sai in duba: takalma suka fara nema, ko kuwa cewa suka yi, "Malam, don Allah ƙarasa mana"?