Kaɗin Zare da Mazari, da Gwajin Audugar Rimi

Assalamu alaikum. Ga auduga, ga mazari, ga alli, ga taskira. Da 'yan kayan nan iyayenmu mata suka riƙe masaƙa da marina shekara da shekaru, kuma har gobe zaren hannu yana da laushin da na inji bai kai shi ba.

A fara shanya audugar a rana ta bushe sarai. Sai gurza: a ɗora ta kaɗan-kaɗan a kan magurji, a murza da ɗan sandan ƙarfe har angurya ta fice. Kada a danne da ƙarfi, domin idan angurya ta fashe, manta zai ɓata audugar. Daga nan a shiɓe ta da baka ta tashi, a naɗe ta sutu, wato dunƙulen shiɓaɓɓiyar audugar da za a kaɗa. Duk kaɗin da ya yi gardama, a koma a duba shiɓa, galibi can matsalar take.

To, ku matso ku ga hannu. Silin auduga gajere ne, santimita 2 zuwa 3, murɗi ne kawai ke riƙe shi. Shi ya sa ake tsayar da gindin mazari a cikin taskira, kada nauyin gululu, wato ɗan dunƙulen da ke jikin mazarin, ya tsinka zaren tun bai yi ƙwari ba. Hagu ta riƙe sutu sako-sako, dama ta shafi alli don kada yatsu su yi santsi, ta murza mazari. Yana juyawa, hagu na ja a hankali, murɗin na bin zaren yana hawa. Idan an kai tsawon kamu ɗaya sai a tsaya, a ƙara murɗi, sannan a naɗe.

Zaren da ya zare kansa ya rabu shiru, murɗi ne bai ishe shi ba. Wanda ya tsinke da ƙara, ko yake ta ƙudundunewa, murɗin ya yi yawa. Idan kuma ja ya gagara, murɗi ya shige cikin sutun ya kulle shi. A ɗan warware baya kaɗan sai ya saki. Mai koyo ya fara da abawa, mai kauri. Arafiya, wato siririn zare, sai hannu ya faɗa.

In za a haɗa zare biyu a murɗe su tare, a juya mazarin akasin yadda aka kaɗa. Aka bi hanya ɗaya, zaren zai yi tauri ya kanannaɗe.

Sai gwaji, kuma nan ne daɗin abin yake. Audugar rimi ta fi auduga sheƙi da rashin nauyi, amma ita kaɗai ba ta kaɗuwa, saboda silinta santsi ne da shi, ga saurin karyewa. A gauraya ta tun wurin shiɓa, kashi 1 na rimi, kashi 4 na auduga. Zare zai fito da taushi da ɗan haske. Sai dai rimi ba ta son ruwa, don haka wurin rini za ta fi auduga fari, zaren ya fito da ratsi-ratsi, wanda a gwado ko mayafi ado ne sosai.

Kafin rini, a tafasa zaren kamar minti 45 da sabulu da 'yar kanwa. Ruwan zai yi ɗorawa, maiƙon audugar ke nan ya fita, murɗin kuma ya zauna. A tsoma shi a ruwan bagaruwa, sannan a ruwan da tsatsar ƙusa ta jiƙa, nan take zai koma ruwan toka, in an maimaita ya nufi baƙi. Ruwan tsatsar kada ya yi yawa, yana cin zare.