Wa Za A Nuna Wa? Lacca Kan Shekarun Masu Kallon Shirin Larurar Cin Abinci

An kwafo wannan rubutu daga rikodin laccar da wata mai shirya fina-finan gaskiya ta gabatar wa ɗalibai masu koyon aikin fim a Jos, wata safiyar Asabar cikin hunturu. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Barkanmu da sanyi, ƙannena. Na ga wasunku har da hular sanyi da safar hannu. Ni ma da na fito daga Anguwan Rogo ɗazu sai da na ɗora wata rigar sanyin a kan ta ciki. Ku riƙe min maganar rigar sanyin nan, zan dawo kanta.

Ɗaya daga cikinku ce ta aiko min da tambaya. Tana shirya dokumentari, wato fim ɗin gaskiya, kan larurar cin abinci, tana so ta san 'yan shekara nawa ya kamata ta yi wa shirin. Mafi yawanmu muna barin wannan tambaya sai ƙarshen aiki, an gama ɗauka, an gama haɗa hoto, sai a kai wa hukumar tace fina-finai ta manna lambar shekaru. Ni kuwa a wajena, kafin a kafa kyamara ake amsa ta, domin amsar ita ce za ta faɗa maka abin da za ka ɗauka da abin da za ka kawar da kai daga gare shi.

Mu fara sanin larurar. Akwai wadda likitoci ke kira anoreksiya: mutum ya riƙa hana kansa abinci saboda tsananin tsoron ƙiba, ya rame har ƙashi ya fito, amma in ya dubi madubi ƙiba yake gani. Wani likitan Ingila, William Gull, shi ya raɗa mata wannan suna a 1873, a shekarar da wani likitan Faransa, Charles Lasègue, shi ma ya yi bayaninta. Ku lura da shekarar, lokacin babu talabijin balle Instagram. Akwai bulimiya, wadda wani likita, Gerald Russell, ya bayyana a 1979: mutum ya ci abinci mai yawa a lokaci guda ba tare da ya iya tsayar da kansa ba, daga baya nadama ta sa ya nemi hanyar fitar da shi. Akwai kuma ta cin abinci fiye da kima a ɓoye, ba tare da fitarwar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da irin waɗannan larurori, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa. Anoreksiya kuma tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, domin yunwa tana cinye har tsokar zuciya.

To ga inda gizo ke saƙar. Larurar ta fi kama mutum a shekarun balaga zuwa farkon ashirin. Wato waɗanda suka fi buƙatar shirinka su ne kuma waɗanda shirin naka zai fi iya cutarwa. Bari in ba ku labarin yadda na koyi wannan, don ba a littafi na koya ba.

Shekarun baya na haɗa wani gajeren shiri da wata budurwa da ta warke daga anoreksiya. Na ji daɗin aikin ƙwarai. Ta ba ni tsofaffin hotunanta na lokacin da ta fi ramewa, ta faɗi nauyin da ta sauka zuwa gare shi, ta lissafa abin da take ci a wuni, ta kuma faɗi dabarun da take yi wa mahaifiyarta don kada a gane. Duk na zuba a ciki, ina cewa gaskiya ce, aikinmu kuma faɗin gaskiya. Wata makarantar kwana ta 'yan mata, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta gayyace ni in nuna. Na zaci 'yan ajin ƙarshe za a tara min. Da na shiga ɗakin taron sai na tarar an kwaso makarantar gaba ɗaya, 'yan aji ɗaya suna zaune a ƙasa a gaba, wasu ba su wuce shekara sha ɗaya ba. Aka kashe fitila, janareta na ruri a waje, aka kalla. An tafa min, malamai sun yaba.

Ina naɗe wayoyi sai wata yarinya ta zo, ba za ta wuce sha uku ba, rigar sanyin makaranta har ta rufe mata yatsu. Ta ce, "Anti, don Allah kilo nawa ta ce ta koma? Ban ji sosai ba." Na dubi hannunta, littafi ne a buɗe da biro. Ta riga ta rubuta jerin abincin, layi-layi, da kyakkyawan rubutu. Lambar kawai ta rage mata.

Wallahi ƙafafuna sai da suka yi sanyi. Na zo in gargaɗi yara, ashe darasi na karantar. Na sanar da uwar ɗakin kwanansu a ranar, shirin kuma ban sake nuna shi a wannan siffa ba.

Masu aikin jinyar wannan larura sun daɗe suna jan kunnen 'yan jarida kan haka: kada a faɗi nauyi, kada a faɗi adadin abin da ake ci, kada a bayyana dabara, kada a nuna hoton ramar jiki don a girgiza mai kallo. Dalilin shi ne larurar tana da gasa a cikinta. Hoton da ya sa ke da ni muka ce subhanallahi, wadda ciwon ya fara kamawa za ta gan shi ne ta ce ashe ni ban kai ko'ina ba.

Kada kuma wani ya ce ai allo ba shi da wannan ƙarfin. A 1995 talabijin ya isa yankin Nadroga a ƙasar Fiji, inda al'adarsu, kamar tamu, mace mai jiki ake yabo. Wata likita daga Harvard, Anne Becker, ta yi wa 'yan matan sakandare tambayoyi a makonnin farko, ta kuma koma a 1998. A karon farko ba a samu ko ɗaya da ta ce tana jawo amai don rage nauyi ba. Bayan shekara uku, kusan kashi 11 cikin 100 suka ce suna yi. 'Yan mata sittin da 'yan kai ne a kowane karo, don haka ba na cewa a ɗora hukuncin duniya a kai, amma ya isa ya hana mai kyamara barci.

Yanzu maganar lamba. Muna nan Jos, garin da Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, take da hedikwata, amma lambar shekaru aikin wata hukumar ce daban, ta tace fina-finai da bidiyo ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993 take kuma Abuja. Tana da matakai: na kowa da kowa, na kallo da kulawar iyaye, na 12, na 15, na 18. Lambar nan izini ce, tana faɗin wanda aka yarda ya shiga. Ba ta faɗin wanda kika yi wa magana. Wannan ke za ki yanke.

Ga abin da ni zan yi, in shirin nawa ne. 'Yan ƙasa da sha biyu ba zan yi musu shiri kan larurar ba ko kaɗan. Abin da ya dace da su shi ne daina tsokanar juna da "ƙatuwa" da "sillen kara", wannan kuma wani fim ne daban. 'Yan sha biyu zuwa sha huɗu su ne masu wuyar sha'ani. Jiki yana sauyawa, ƙawaye sun fara magana, yarinya ta fara tsayawa gaban madubi. Suna buƙatar su ji cewa abin yana da suna kuma ana warkewa, amma a gajeren shiri, a ƙaramin aji, da babba a ɗakin wanda zai tsaya bayan an kunna fitila ya saurare su. Daga sha biyar zuwa sama za a iya nuna zafin abin: kaɗaicin, faɗan gida, kwanciyar asibiti, jarrabawar da aka rasa. Ko a nan ma lambar nauyi da dabara ba za su shiga ba. Abin da na cire wa 'yar sha uku, na cire wa 'yar ashirin da biyar, don ciwon ba ya duba takardar haihuwa.

Amma in kun tambaye ni shirin da ƙasar nan ta fi buƙata, na iyaye ne da malamai da masu kula da ɗakunan kwana. Ku duba gidajenmu. An koya wa yarinya kunya, budurwa ba ta cin abinci gaban baƙi, amarya ba ta ci gaban surukai, in ta ce ta ƙoshi sai a ce tana da kawaici. Ana cin tuwo a kwano ɗaya, wa ya ƙirga lomar wa? In ta ce tana azumin Litinin da Alhamis, sai ta ƙara da wasu ranakun, wace uwa ce za ta ce ki daina ibada? Sai yabo ma. Ga kuma rigar sanyin da na ce ku riƙe min. Wanda yunwa ta ci jikinsa sanyi yake ji fiye da kowa, a garin nan kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu kowa a dunƙule yake cikin kaya, ga hijabi har ƙasa. Yarinya za ta iya zubewa wata uku ba wanda ya ga wuyan hannunta. Ran da aka gani sai a ce shawara ce, ko taifot, ko sammu, ko aljanu, a yi ta yawon neman magani, ba wanda ya kawo cewa ciwon daga tunani yake.

Shirin da zai sa uwa ta gane waɗannan alamu, ta kuma san cewa duka da "sai kin cinye a gabana" ƙara dagula abin suke yi, ta san akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos kuma zuwa can ba hauka ba ne, wannan shirin ya fi wanda zai ci kyauta a bikin fina-finai amfani.

Kada kuma mu kwaso matsalar Turawa mu manta tamu. A nan akwai masu shayin rage ƙiba, akwai kuma masu shan abin da ake kira sha ka fashe don a yi jiki kafin biki. Wasu magungunan da ake sha don haka, irin su dexamethasone, kumbura jiki suke yi, su hau da jini da suga. Likita zai ce wannan ba anoreksiya ba ce, gaskiyarsa, amma tushen ɗaya ne: an gaya wa yarinya jikinta bai yi ba. In za ku taɓo shi, kada ku riƙe kwalin maganin gaban kyamara. Ni ma da na faɗi sunan yanzu, don ku manya ne kuma a ɗaki muke.

Sai waya. Lambar 15 tana aiki a ƙofar silima. Ran da shirin ya hau YouTube, wani zai yanko minti ɗaya mafi tayar da hankali ya tura WhatsApp, ba gargaɗin farko, ba bayanin likita, ba labarin warkewa. Don haka in kina zaune kina haɗa hoto, ki ɗauki kowane minti shi kaɗai ki tambayi kanki: in wannan ne kawai ya faɗa wayar ƙanwata, me za ta ɗauka?

A nan wani ɗalibi ya ɗaga hannu.

Ɗalibi: Malama, in muka cire hotuna da lambobi, me ya rage? Ba za a ce mun ɓoye gaskiya ba?

Malama: Ƙanena, da na sake haɗa shirin nan, na koma gidan budurwar na zauna da mahaifiyarta a tsakar gida. Tana tsince shinkafa a faifai tana ba ni labarin yadda ta shekara tana zuba wa 'yarta abinci a kwanon da ta fi so, tana wanke shi da dare tana murna an cinye, ba ta san inda abincin ke tafiya ba. Ta yi shiru, hannunta ya tsaya cikin shinkafar. Na bar kyamara tana tafiya. Wannan shirun ya fi duk hotunan da na cire nauyi, kuma ba yarinyar da za ta iya kwafe shi a littafi.

Wata ɗaliba: Malama, maza fa?

Malama: Suna yi, kuma sun fi ɓoyewa, don an ce ciwon mata ne. In kin samu namijin da ya warke ya yarda ya yi magana, ki saka shi. Amma ko mace ko namiji, wanda yake tsakiyar ciwon kada ki ɗauke shi, komai roƙon da zai yi miki, in kuma bai kai sha takwas ba sai da yardar iyayensa da ta likitansa. Ki kuma nuna masa shirin kafin kowa ya gani.

Wa ke riƙe da lokaci? An ce shayi ya iso, mu sha kafin ya huce.