Gidan da Hayaƙi Ke Riƙe da Shi

Assalamu alaikum. Malamaina, ɗalibai, sannunku da zuwa.

Hoton da kuke gani gida ne mai lamba 42 a ƙauyen Arnol, a tsibirin Lewis da ke arewa maso yammacin Sikotlan. An gina shi wajajen 1880, kuma mutane sun zauna a ciki har tsakiyar shekarun 1960. Yanzu hukumar adana wuraren tarihi ta ƙasar, wato Historic Environment Scotland, ce ke kula da shi.

Ku dubi bangon da kyau. Bango biyu ne na dutse, ba siminti, an cike tsakaninsu da ƙasa. Rufin kuwa a kan bangon ciki ya zauna, saboda haka ruwan sama na gangarowa ya shige cikin ƙasar nan, ta daddale, iska ta rasa kafar shiga. Iskar tekun Atilantika ba wasa ba ce, shi ya sa gidan ya durƙusa, aka kuma ɗaure jinkar da igiyoyi, aka rataya musu duwatsu. Itace ya yi ƙaranci a tsibirin, har wanda teku ya koro gaɓa sukan tsinta su yi rufi.

Mutane da shanu ƙofa ɗaya suke shiga. Iyali a gefe, garke a gefe, ɗumin dabbobi na taimakon gida lokacin hunturu.

To, ga abin da ya fi kama ni. Murhu a tsakiyar ɗaki yake, babu bututun hayaƙi. Abin da suke ƙonawa baƙar ƙasa ce ta ruɓaɓɓun tsirrai, a yanko ta a fadama a shanya. Wutar ba ta mutuwa dare da rana. Hayaƙin ya ratsa jinka a hankali, ya kashe ƙwari, ya hana katako ruɓewa. In jinkar ta sha kunkunniya sai a sauke ta a kai gona, ta zama taki. Wanda ya tashi a ɗakin kakarsa mai jinka ya san wannan ƙamshin.

Daga baya dokokin lafiya suka ce a raba mutum da dabba, aka fara gina gidaje masu farin fenti da bututu. Daga nan ne aka laƙaba wa tsofaffin suna "blackhouse", wato baƙin gida, kishiyar farin gida. Akwai irin farin gidan nan daura da wannan, mai lamba 39, na shekarun 1920.

Har yau ma'aikatan wurin suna hura wutar nan, kuma baƙo yakan fito da ƙaurin hayaƙi a rigarsa. Mu ga hoto na gaba, na cikin garken.